Ajiyar Wa'adi a Banki: Abin da Za Ka Rasa In Ka Cire Kuɗinka Kafin Lokaci

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta wuce, aka sayar da abin da za a sayar, wanda ya kai masara kasuwar Giwa ya dawo, wanda ya kai barkono da waken soya Sabon Gari shi ma ya dawo, a lokacin ne ma'ajin ƙungiya yakan rasa barci. Kuɗin jama'a suna hannunsa, ba kuwa za a bukace su ba sai damina ta kusa. Haka nan tsohon ma'aikaci wanda ya ajiye aiki, aka ba shi dunƙulen kuɗin sallama, ya koma gona. Shi ma yana neman inda zai sa su, kada su narke a hannun 'ya'ya da dangi.

Su duka biyu, in sun hau mota daga Ƙofar Doka suka nufi bankunan da ke wajen PZ, shawara ɗaya za a ba su. Za a ce su sa kuɗin a ajiyar wa'adi, wadda ma'aikatan banki suke kira fis difozit, domin ruwanta ya fi na asusun ajiya na kullum. Wannan gaskiya ne. Amma akwai sharaɗi guda wanda ba a cika ɗaga murya a kansa ba, watau tarar da banki zai ci ka idan ka koma neman kuɗinka kafin ranar da aka yanka. Mutane da yawa ba su san da ita ba sai ranar da ciwo ya kwantar da wani a gida, ko taki ya iso kasuwa babu kuɗin saye. A kan wannan tara za mu yi bayani, musamman ga kuɗin da mutum ya tanada domin tsufansa.

Mece ce ajiyar wa'adi?

Ajiyar wa'adi alkawari ce tsakaninka da banki. Kai ka ce za ka bar kuɗi kaza a wurinsa har kwana kaza, shi kuma ya ce zai biya ka ruwa kaza. Wa'adin da aka saba shi ne kwana 30, 60, 90, 180, ko shekara guda. Ana rubuta uwar kuɗi, da yawan ruwa, da ranar cikar wa'adi a takardar shaida, a ba ka. Babu wani ƙayyadadden ruwa da gwamnati ta yanka wa irin wannan ajiya. Ciniki ne, kamar na akuya a kasuwa, mai kuɗi da yawa ya fi samun farashi mai kyau. Saboda haka ƙungiya wadda ta haɗa kuɗin mutum arba'in ta fi bakin magana a gaban manaja fiye da mutum ɗaya.

Abu biyu ne suke rikita mutane. Na farko, ruwan da ake faɗa maka na shekara ne. Idan aka ce kashi 15 cikin 100, ka kuwa ajiye na wata uku kaɗai, rubu'in wannan za ka samu. Na biyu, gwamnati tana da haraji na kashi 10 cikin 100 a kan ruwan, banki ne yake cire shi tun kafin ya ba ka. Uwar kuɗinka ba a taɓa ta da wannan haraji.

Don me banki yake cin tara?

Duk wanda ya taɓa zubin adashi ya san amsar. Matan cikin birnin Zariya sun daɗe suna yin adashi, kowace ta san ranar kwasarta. Idan wata ta tashi tsakar rana ta ce a ba ta abin da ta zuba, uwar adashi ba ta da su a ɗaki, sun tafi hannun wadda ta kwasa. Sai an yi roƙo da lallashi kafin a haɗa mata.

Ko kuwa mu ɗauki aron gona. Ka ba wani aron fadamarka a bakin Galma na rani ɗaya, ya yi kaftu, ya dasa tumatir, ya zuba taki. Idan ka zo lokacin da tumatir yake fure ka ce ya tashi, ai dole ka biya shi wahalarsa. Banki ma haka yake. Kuɗin da ka ajiye ba a kulle suke cikin akwati da sunanka ba. Ya ba 'yan kasuwa rance da su, ko ya sayi takardun bashin gwamnati, yana dogara ga ranar da kuka yanka. In ka zo da wuri, sai ya nemo kuɗi daga wani wuri ya ba ka. Tarar ita ce kuɗin wannan ɗawainiya, ita ce kuma takunkumin da yake hana kowa zuwa a rana ɗaya.

Bankuna ba su da ƙa'ida ɗaya a kan wannan. Wani yakan yanke wani kashi daga ruwan da ya taru. Wani yakan soke ruwan wa'adi ya biya ka na asusun ajiya na kullum. Wani kuma yakan riƙe ruwan duka, ya ba ka uwar kuɗinka kurum. Abin da aka rubuta a takardar da ka sa wa hannu, shi ne zai yi aiki a kanka.

Bari mu yi lissafi

Wannan misali ne kawai, domin ruwa yana hawa yana sauka. A ce wani malamin makaranta ya yi ritaya, ya ajiye naira 1,000,000 na shekara guda a kan kashi 15 cikin 100. Idan ya yi haƙuri har wa'adi ya cika, ruwansa naira 150,000 ne. A cire haraji naira 15,000, ya tashi da naira 135,000 a kan uwar kuɗinsa.

To, a ce bayan wata shida matarsa ta kwanta asibiti, ya je ya karya ajiyar. Ruwan da ya taru a lokacin naira 75,000 ne.

Idan bankinsa yana yanke rubu'i, za a cire naira 18,750, saura naira 56,250. Bayan haraji ya tashi da naira 50,625.

Idan rabi ake yankewa, saura naira 37,500. Bayan haraji ya tashi da naira 33,750.

Idan kuwa ruwan duka ake riƙewa, zai fito da miliyan ɗayansa kamar yadda ya shiga da ita. Wata shida ke nan kuɗinsa sun yi wa banki aiki kyauta, alhali kuwa kayan masarufi sun ƙara tsada a tsakani.

Ku lura da wani abu. Malamin nan wataƙila naira 200,000 kaɗai yake bukata domin asibiti. Amma da yake ya zuba kuɗinsa duka a takarda ɗaya, zai yiwu tarar ta hau kan ruwan miliyan ɗin gaba ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, maganinsa kuwa ba shi da wuya, za mu zo kansa.

A karya ajiya, ko a ci bashi?

Idan bukata ta taso, kada a ruga banki da gudu. A zauna da takarda da fensir, a gwada hanya biyu.

A ce ajiyar malamin nan ta yi wata goma, saura wata biyu ta cika. Ruwan da ya taru naira 125,000 ne. In ya karya, aka yanke rabi, ya rasa naira 62,500 nan take. Idan kuwa ƙungiyarsa tana ba da rance a kan kashi 3 cikin 100 a wata, ya karɓi naira 200,000 na wata biyu, naira 12,000 kaɗai zai biya a kai. A nan rance ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wasu bankunan ma sukan ba mutum rance su riƙe takardar ajiyarsa jingina, sai a tambaya, a kuma tambayi ruwan rancen da sauran kuɗaɗen da suke ɗorawa.

Amma a ce ajiyar mako uku kaɗai ta yi. Ruwan da ya taru bai wuce naira 8,600 da 'yan kai ba, rabinsa naira 4,300. In ya karya, ya ɗauki naira 200,000, ya mayar da sauran a sabuwar ajiya, ya rasa wannan 4,300, da kuma ruwan da dubu ɗari biyun za su haifa a sauran wata goma sha ɗaya, watau naira 27,500. Duka bai kai naira 32,000 ba. Rancen wata goma sha ɗaya kuwa a kan kashi 3 zai ci naira 66,000. A nan karya ajiya ta fi.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice. Idan ajiya sabuwa ce, tarar ƙarama ce. Idan ta kusa cika, tarar ta yi nauyi, kwanakin jira kuwa sun yi kaɗan, sai a nemi wata hanya a ƙarasa.

Kuɗin fansho suna da nasu makulli

Yanzu mu juya ga kuɗin tsufa. A cikin ƙungiyoyinmu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da na jami'a a Samaru da Kongo, waɗanda suke noma suna kuma karɓar albashi. Yawancinsu suna da asusun fansho, ya kamata su san bambancinsa da ajiyar banki.

A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi dokar da ta kawo fanshon karo-karo, aka kafa hukumar PenCom ta riƙa sa ido. A 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka sake dokar. Bisa ga ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Jihohi suna yin tasu dokar, Jihar Kaduna ta sa ma'aikatanta cikin wannan tsari daga 2017. Kuɗin suna shiga asusu mai sunan ma'aikaci. Kamfanin fansho shi yake juya su, ya sayi takardun bashin gwamnati, ya sa wasu a ajiyar wa'adi a bankuna, wasu a hannun jari. Wani kamfani dabam kuma shi yake riƙe da dukiyar, domin kada mai juyawa ya zama shi ne mai ajiyewa.

A banki, in ka yarda da tara za a ba ka kuɗinka gobe. A asusun fansho kuwa ƙofar a kulle take, ko ka yarda da tara ba za a buɗe ba. Dokar 2014 ta ce sai mutum ya yi ritaya ko ya kai shekara 50, wanda ya zo daga baya cikin biyun. Akwai 'yan ƙananan ƙofofi. Wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, ana buɗe masa. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba. A 2022 kuma PenCom ta fito da ƙa'idar da ta yarda ma'aikaci ya yi amfani da har kashi 25 ya biya kafin alƙalami na rancen sayen gida.

Wanda ya ci wannan rubu'i ba a rubuta masa tara a takarda ba, amma ya biya ta ta wata hanya. Kuɗin da ya cire yana ɗan shekara arba'in, da sun yi shekara goma ko ashirin suna haihuwa, 'ya'yansu ma suna haihuwa. Abin da zai riƙa karɓa kowane wata a tsufansa ya ragu ke nan har ƙarshen ransa. Kamar mutum ne ya ci irin shuka a bazara. Wani lokaci babu makawa, amma a san abin da aka yi.

Akwai kuma zubin ganin dama, wanda ma'aikaci yake ƙarawa a kan na dole. Wannan ana iya cire wani sashe nasa kafin ritaya. Sai dai dokar 2014 ta ce in an cire kafin ya shekara biyar, za a biya haraji a kan ribar da ya haifar.

Manomi wanda ba ya karɓar albashi fa? A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu, manoma da 'yan kasuwa da teloli da makamantansu. Mutum yana zuba abin da ya samu, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Yadda aka tsara shi a lokacin, kashi 40 cikin 100 na abin da ka zuba kana iya cirewa don bukatar gaggawa, kashi 60 kuma a kulle suke sai tsufa. A 2025 hukumar ta sake wa shirin suna da wasu ƙa'idodi, don haka duk mai son shiga ya sa kamfanin fansho ya nuna masa a rubuce nawa ne ake kullewa, nawa ne kuma ake iya taɓawa. Dabarar da ke ciki dai abar koyi ce ga kowa: a raba kuɗi gida biyu, na gaggawa dabam, na tsufa dabam.

Ranar da ma'aikaci ya yi ritaya, ana iya ba shi wani dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata, ko ta hannun kamfanin fansho ko ta hannun kamfanin inshorar rai. Dunƙulen nan shi ne yake ƙarewa a ajiyar wa'adi. Daga ranar da ya shiga banki ya fita daga ƙarƙashin dokar fansho, ya koma ƙarƙashin takardar da tsohon ya sa wa hannu.

Yadda abin yake a Amurka

Waɗanda suke da 'ya'ya a ƙasashen waje za su so jin wannan. A Amurka, tun 1974 doka ta ba mutum dama ya buɗe asusun tsufa na kansa, ya kuma zaɓi abin da zai sa a ciki. Tsofaffi da yawa sukan zaɓi takardar ajiyar wa'adi ta banki, domin hukumar inshorar ajiya ta ƙasar tana tsaya wa mai ajiya har dala 250,000. Wanda ya cire da wuri a can yana iya gamuwa da tara biyu. Banki zai ci tasa, yawanci ruwan wasu watanni, idan kuwa ruwan da ya taru bai kai ba, sai a taɓa uwar kuɗi. Gwamnati kuma za ta ɗora ƙarin haraji na kashi 10 cikin 100 idan mutum bai kai shekara 59 da rabi ba, ban da harajin da aka saba, sai fa in dalilinsa yana cikin waɗanda doka ta yafe, kamar naƙasa. Wa'adin banki dabam, wa'adin gwamnati dabam. Mutum yana iya cika ɗaya bai cika ɗayan ba. Mu ma darasin ɗaya ne, kowace ajiya a tambayi makulli nawa ne a ƙofarta, wa kuma yake riƙe da kowanne.

A tsara ajiya bisa ga shekarar manomi

Ma'aikacin banki yana tunani da watannin albashi. Manomin ƙasar Zazzau kuwa kuɗinsa suna shigowa daga Nuwamba zuwa Janairu, suna fita daga Afrilu. Akwai sayen iri da taki da maganin ciyawa kafin ruwa ya zauna a Mayu ko Yuni. Akwai taki na biyu da kuɗin 'yan ƙwadago a Yuli. Akwai watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin sauro ya yi yawa. Akwai kuɗin makaranta a Satumba. Wanda ya kulle kuɗinsa duka na shekara guda a watan Disamba, ya yi wa kansa alkawarin biyan tara a watan Mayu.

Maganin shi ne a yanka kuɗin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da takardarta da ranarta. A ce ƙungiya tana da naira 1,200,000 a ranar 1 ga Disamba.

Naira 300,000 a bar su a asusun ajiya na kullum, domin ciwo da rasuwa da sauran abin da ba ya sallama.

Naira 300,000 a sa na kwana 90. Za su cika a farkon Maris, daidai lokacin sayen taki kafin ya yi tsada.

Naira 300,000 a sa na kwana 180. Za su cika a ƙarshen Mayu, lokacin huɗa da shuka.

Naira 300,000 na ƙarshe, in banki ya yarda, a sa na kwana 270, su cika a ƙarshen Agusta. In babu bukatarsu a wannan damina, a sa na shekara.

Da wannan tsari, kowane wata uku akwai ƙofa da take buɗewa da kanta. Ko da ta kama dole a karya, gunduwa ɗaya za a karya, tarar ta tsaya a kanta. Tsoho mai kuɗin sallama shi ma haka ya kamata ya yi, ya fara ware abin da zai ishe shi cefane da magani na wata uku zuwa shida a inda hannunsa zai kai, sa'an nan ya kulle sauran. A tuna kuma, bisa ga ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya, asusun ajiya na kullum yakan rasa ruwan wata idan an cire kuɗi fiye da sau huɗu a watan.

A kula da ranar cikar wa'adi. Idan ba ka ba da umarni ba, banki yana iya sabunta ajiyar da kansa, wani lokaci a kan ruwan da bai kai na farko ba. In ka zo bayan mako guda, sai a ce maka sabon wa'adi ya fara. Magatakardan ƙungiya ya rubuta ranakun a littafin taro, a kai wa banki takarda tun saura mako guda.

Asarar da ta fi tara girma

Tara ba ita kaɗai ce take cin kuɗin tsoho ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, wanda ya sami ruwan kashi 15 ya ƙaru a lissafi, amma buhunan takin da kuɗinsa za su saya sun ragu. Don haka doguwar ajiya ba kullum take da amfani ba. Ɓoye hatsi ma ba shi da tabbas, domin a 2025 farashin masara ya faɗi, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka yi asara. Gara a rarraba, wani abu a banki, wani a rumbu, wani a turke.

Na biyu, banki ma yana iya rushewa. Ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ce take biyan masu ajiya a irin wannan hali. A 2024 ta ɗaga iyakar abin da take tsayawa a kai, daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, daga naira 200,000 zuwa naira miliyan 2 a ƙananan bankunan masu ƙaramin ƙarfi. Iyakar a kan kowane mai ajiya ce a kowane banki. Abin da ya haura sai an sayar da kadarorin bankin kafin a ga abin da za a samu. Ƙungiyar da kuɗinta suka wuce iyaka ta raba su banki biyu.

Na uku, masu alkawarin riba mai yawa cikin 'yan kwanaki. An ga yadda MMM ta tsaya a Disamba 2016, an kuma ga CBEX a Afrilu 2025. A nan ba tara ake yankewa ba, uwar kuɗin ce take tafiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wurin da ba shi da lasisin Babban Banki da alamar NDIC, kada a kai masa kuɗin jama'a, ko da wanda ya kawo maganar ɗan'uwa ne da ake zama benci ɗaya da shi.

Akwai wasu hanyoyi na gaskiya da za a iya tambaya. Tun 2017 ofishin kula da basussukan gwamnatin tarayya yake sayar da takardar ajiya ta shekara biyu ko uku, daga naira 5,000, ana biyan ruwanta kowane wata uku. Ita ma in kana son fita da wuri sai ka sayar da ita a kasuwar hannun jari a farashin ranar. Idan kuma ƙungiya tana da maƙwabta Musulmi a ciki waɗanda ba su son kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba su aiki da ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara a 2012. Suna karɓar ajiyar wa'adi bisa rabon riba, su ma suna da sharaɗinsu ga mai cirewa da wuri.

Kafin a sa hannu

Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda zai je banki, ko don kansa ko don ƙungiya, ya tafi da mutum biyu, ɗaya ya iya karatun Turanci sosai, a yi waɗannan tambayoyi, a kuma ce a nuna amsar a rubuce.

1. Ruwan nawa ne a shekara, nawa kuma zan karɓa a hannu bayan haraji?
2. Wace rana wa'adi zai cika?
3. In na karya kafin lokaci, me za a yanke? Za a taɓa uwar kuɗi?
4. Zan iya cire wani sashe in bar saura, ko sai an karya duka?
5. Kwana nawa zan jira bayan na nemi kuɗina?
6. In wa'adi ya cika ban zo ba, me za ku yi da kuɗin?
7. In mai ajiya ya rasu, za a ci magada tara? Waɗanne takardu za su kawo?

Kuɗin ƙungiya a sa su da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku, kada a sa da sunan shugaba ko ma'aji. A karanta takardar a gaban taro, a yarda tun yanzu a kan irin dalilin da zai sa a karya ajiya, da wanda zai ba da izini. Maigida kuma ya gaya wa matarsa da babban ɗansa inda takardarsa take, domin ajiyar da ba wanda ya san da ita ba ta da amfani ga marayu.

A taronku na gaba, ku ɗauki littafin ma'aji na bara, ku duba a waɗanne watanni ne kuɗi suka fi fita, nawa ne kuma suka fita. Da wannan za ku san gunduwa nawa za ku yanka bana, da ranar da kowace za ta cika. Allah ya ba mu damina mai albarka.